Littafin Wirda

Wata uku kafin ta zo
Wirda ta fara kirana daga Rotterdam,
ita da magaribarta, mu da tsakar darenmu:
"Etek Yusniar, in na shigo, wa zan fara gaisarwa?
Da wane hannu ake miƙa kuɗi?
Da gaske ba a nuna mutum da ɗan yatsa?"
Ina amsawa ido rabi a rufe,
ina jin alƙalaminta yana ƙaiƙayar takarda
kamar ɓera a buhun shinkafa.

Ta rubuta: takalmi a gindin matakala.
Ta rubuta: dama ke ci, dama ke karɓa.
In za ki gifta manya ki rusuna, hannu ɗaya ƙasa.
Ba a dafa kan mutum, ba a ɗaga murya,
riga ta rufe kafaɗa ko zufa na tsiyaya.
Har sunan ruwan la'asar sai da ta tambaya,
na ce ruwa ai ruwa ne, ki dai taho da laima.

Ta iso ran Laraba, ranar kasuwar Bukittinggi,
babu laima.
Syafril direba ya sauke ta a ƙasan tudu,
tana fara hawa sama ta tsage.
Littafin nan a aljihun jaka ya sha ya ƙoshi.
Da ta buɗe shi a bakin ƙofa
tawada ta kwanta, shuɗi bisa shuɗi,
karatun wata uku ya zama kunu.

Takalmi dai ta tuna, ta cire.
Sai ta miƙa wa kakarta tsaraba da hagu,
don dama na rungume da gawar littafi.
Ta farga. Kunnuwanta suka yi jajir.
Mak Rosna ta karɓa da hannu biyu,
ba ƙunshin ta duba ba, hannun ta juya,
ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.
"Na Zulhasni ne," ta ce,
"har da karkacewar ƙaramin."
Shekara talatin da ɗaya rabonta da waɗannan yatsu.

Muka zauna a tabarma.
Naman da ya yini cikin madarar kwakwa
har ya yi baƙi, ya bushe, ya tsotse yaji,
ta kai loma, hawaye suka zubo,
ta ce daɗi ne. Muka ce mun sani.

Da safe maƙwabciya ta ce mata, "Ina za ki?"
Wirda ta tsaya ta zayyano komai:
banki, da kanti, da mai gyaran waya.
Matar ta wuce tun a banki.
Na ce, 'yar nan, gaisuwa ce kawai,
ki ce "nan gaba" ki yi murmushi.
Ta laluba jaka neman abin rubutu,
ta tuna, ta kwashe da dariya.

A kwana na huɗu na ja ta cikin tsohon gida
mai rufi kamar ƙahon ɓauna.
Na tura ƙofa ta uku.
Na buɗe taga, na nuna mata da babban yatsa
fadamar shinkafa daga bishiyar kwakwa zuwa rafi.
Na ce, a nan gida uwa yake bi,
daga Rosna zuwa Zulhasni, daga Zulhasni zuwa wa?
Kin yi wata uku kina koyon zama baƙuwa,
kin ma kusa iyawa,
ga shi ba aikin da ke jiranki ba ne.

Ta daɗe shiru, hannunta a jikin katako.
Can ta ce, "To mai gida fa, mene ne dokarta?"

Hadari ya riga ya haɗo a kan dutsen Marapi.
Na ce, wancan lungun yana yoyo,
je ki ɗauko kwano.